Kwano a Ƙarƙashin Yoyo: Sanannun Aibobin Manhajar Rauta da Dabarun Kewaye Su

Gabatarwa

A ranar 12 ga Agusta, 2014, intanet ta yi tangal-tangal a sassa da dama na duniya. Shafuka suka ƙi buɗewa, wasu kamfanonin sadarwa suka shafe sa'o'i suna laluben bakin zaren. Babu igiyar ƙarƙashin teku da ta tsinke a ranar, babu kuma harin 'yan kutse. Jerin hanyoyin da manyan na'urorin intanet ke riƙewa a ma'ajiyarsu ne ya haura dubu 512, alhali wasu tsofaffin na'urorin kamfanin Cisco, irin su Catalyst 6500 da 7600, an saita su tun daga masana'anta a kan wannan iyaka. Da ma'ajiyar ta cika, wasu suka koma tafiyar hawainiya, wasu suka fara zubar da saƙonni. Abin lura shi ne, tun a watan Mayun shekarar kamfanin ya fitar da gargaɗi a kan lamarin, ya kuma bayyana dabarar kauce masa: a sake raba ma'ajiyar da 'yan layukan umarni, a kashe na'urar a kunna. Waɗanda suka karanta suka aikata sun kwana lafiya.

Wannan maƙala tana da ra'ayin cewa babban haɗarin da ke tattare da manhajar rauta yana cikin aibin da aka riga aka sani, aka rubuta, aka ba shi lamba, sannan aka bar shi. Dabarar kewaye aibi bashi ce mai wa'adi, kuma duk ma'aikatar da ta mayar da ita mazaunin dindindin tana tara wa kanta ranar biya mai tsada. Jami'o'in da ke ajiye mujallu da kundayen bincike a intanet suna cikin masu wannan bashi, ko sun sani ko ba su sani ba.

Rauta da yadda aibi ke shigarta

Rauta na'ura ce da ke zaɓar wa saƙo hanya. Duk abin da aka aika ta intanet ana yanyanka shi gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa ɗauke da adireshi, rauta kuma ta duba adireshin ta miƙa wa rauta ta gaba, kamar yadda ɗan kamasho a tasha yake nuna wa fasinja motar da za ta kai shi. Kowace rauta tana da uwar manhaja da ke sarrafa ta: Cisco yana da IOS da IOS XE da IOS XR, Juniper yana da Junos, Huawei yana da VRP, kamfanin MikroTik na ƙasar Latbiya kuma yana da RouterOS. Manyan rautoci suna sanar da juna hanyoyi ta wata ƙa'ida da ake kira BGP. Kowace tana gaya wa maƙwabciyarta wuraren da za a iya kaiwa ta hannunta, maƙwabciyar ita ma ta isar da labarin gaba. Saboda haka kuskure ɗaya kan iya zagaya duniya cikin 'yan mintoci.

Abin da ya faru a ranar 16 ga Fabrairu, 2009, ya isa misali. Wani ƙaramin kamfanin intanet a Jamhuriyar Czech mai suna SuproNet ya so ya nuna cewa ɗaya daga cikin hanyoyinsa ta ko-ta-kwana ce. Al'adar yin haka ita ce kamfani ya maimaita lambarsa sau biyu ko uku a cikin sanarwa, domin hanyar ta yi kama da mai nisa, a guje ta. A manhajar Cisco lambar kamfanin ake rubutawa, a ta MikroTik kuwa adadin maimaitawar ake rubutawa. Ma'aikacin ya rubuta lambar kamfaninsu, 47868, a gurbin adadi. Manhajar ba ta ƙi karɓa ba. Gurbin bai ɗaukar abin da ya wuce 255, sai ta riƙe ragowar lissafi, wato 252, ta maimaita lambar sau 252. Sanarwar ta fita duniya, tana ƙara tsawo a kowane zango. Da ta tsallake 255 sai ta taɓo wani aibi a manhajar Cisco, wanda ya sa rauta ke lalata sanarwar kafin ta miƙa ta. Maƙwabciyar da ta karɓi lalatacciyar sanarwa takan katse hulɗa baki ɗaya, kamar yadda ƙa'idar lokacin ta tanada, ta sake ƙullawa, ta sake karɓar sanarwar, ta sake katsewa. Kusan awa guda aka yi ana wannan kai-kawo a nahiyoyi daban-daban.

Aibobi biyu ne a manhajoji biyu na kamfanoni biyu, kowanne yana kwance shiru, sai da suka gamu aka ji su. Dabarar da injiniyoyi suka runguma a lokacin ita ce umartar rauta ta yi watsi da duk sanarwar da tsawonta ya wuce kima. Dabarar ta yi aiki. Amma aibin yana nan a cikin manhaja har ranar da aka ɗora sabuwa.

Darajar bayyana aibi

Ya kamata a yi wa masana'antar adalci. Manyan kamfanonin rauta sukan fitar da takardar bayani tare da kowane sabon zubin manhaja, a ciki akwai jerin aibobin da aka gyara da waɗanda har yanzu suke buɗe. A tsarin Cisco kowane aibi yana da lamba, a ƙarƙashinta a bayyana alamarsa, da yanayin da ke tayar da shi, da dabarar kewaye shi in akwai. Wanda ya saba da takardar gyaran kurakuran ɗab'i da ake liƙawa a ƙarshen littafi zai gane wannan ɗabi'a, zai kuma yaba mata. Manhajar da ke da miliyoyin layuka ba ta rasa kuskure, kuma kamfanin da ya ce tasa ba ta da shi, ko dai bai duba ba ko yana ɓoyewa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Sai dai akwai bambanci tsakanin takardun biyu. Kuskuren ɗab'i ba ya buɗe wa ɓarawo ƙofa. Aibin rauta, musamman wanda ya shafi tsaro, daga ranar da aka bayyana shi mutum biyu ne ke karantawa: mai na'ura da mai neman shiga na'urar. Na biyun ya fi na farkon himma, domin sana'arsa ke nan. Bayyanawar kuma tana sauya wurin da alhaki yake. Kafin sanarwa laifin na kamfani ne. Bayan sanarwa da fitar da gyara, kamfani ya wanke hannunsa, nauyi ya koma kan mai na'ura, wanda sau da yawa bai ma san an yi sanarwar ba.

A ranar 16 ga Oktoba, 2023, Cisco ya sanar da wata ɓaraka a shafin sarrafa IOS XE, wadda ke bai wa baƙo damar buɗe wa kansa asusu mai cikakken iko. Ma'aunin tsanani ya ba ta maki 10 cikin 10. A ranar babu gyara, shawarar kawai ita ce a rufe shafin daga intanet. Cikin 'yan kwanaki masu bincike suka ƙirga na'urori fiye da 40,000 da aka riga aka shiga. A nan dabarar kewaye ta yi ainihin aikin da aka ƙirƙire ta dominsa, wato tsare gida na kwanakin da ke tsakanin sanarwa da gyara, wanda ya fara fitowa cikin mako guda. Babu mai hankalin da zai soki wannan.

Idan dabara ta zauna daram

Matsalar tana farawa ne bayan an wuce kwanakin gaggawa. Mai ɗakin da ya ajiye kwano a ƙarƙashin yoyo cikin dare ya yi hikima. Idan damina uku ta wuce kwanon yana nan, azara na ruɓewa a sama, to hikimar ta zama sakaci.

A watan Afrilun 2018 MikroTik ya gyara wata ɓaraka a Winbox, manhajar da ake sarrafa rautocinsa da ita. Ɓarakar tana bari a kwashe sunaye da kalmomin sirri ba tare da izini ba. Gyaran ya fito da wuri, kuma kyauta ne, domin kamfanin ba ya karɓar kuɗin sabunta RouterOS. Duk da haka, a watan Agustan shekarar aka gano rautoci kusan 200,000, akasarinsu a Brazil da farko, waɗanda aka mayar da su injinan haƙar kuɗin intanet a asirce. Labarin bai ƙare nan ba. A shekarar 2021 aka ga wata rundunar na'urori da aka sace, wadda aka laƙaba wa suna Mēris, wato annoba a harshen Latbiya, tana kai wa manyan shafuka irin su Yandex hare-haren cunkoso mafiya girma da aka taɓa gani zuwa lokacin. Bayanin MikroTik shi ne, na'urorin da aka shiga tun 2018 ne, waɗanda ko an sabunta manhajarsu ba a sauya kalmar sirri ba. An toshe ramin, amma mabuɗin yana aljihun ɓarawo. Wannan darasi ya shafi Nijeriya kai tsaye, domin rahusar MikroTik ta sa ƙananan kamfanonin intanet da otal-otal da makarantu da dama sun dogara da shi.

Haka labarin Smart Install yake, wata hidima a na'urorin Cisco da aka tanada don sauƙaƙa girka sabuwar na'ura daga nesa. An gyara mummunan aibinta a watan Maris na 2018, kuma layin umarni ɗaya ya isa a kashe hidimar. A watan Agustan 2025 hukumar FBI ta Amurka ta yi gargaɗin cewa 'yan kutse masu alaƙa da gwamnatin Rasha suna ci gaba da shiga na'urori ta wannan kafa. Shekara bakwai ke nan da sanarwa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, wannan tsagar kuwa an nuna ta da yatsa tun tuni.

Akwai ma aibobin da dabararsu ke koya wa mutane zama da su. A shekarar 2017 Cisco ya sanar cewa wasu na'urorinsa na tsaro, samfurin ASA, suna daina wucewa da saƙo idan suka cika kwana 213 a kunne. Dabarar ita ce a kashe a kunna kafin wa'adin. A wurin da wutar lantarki ba ta barin na'ura ta yi wata bakwai ba ta ɗauke ba, irin wannan aibi zai iya ɓuya shekaru, sai ranar da aka girka hasken rana da batura masu kyau ya bayyana. Kashewa da kunnawa ita ce uwar dabaru, kuma ita ce mafi haɗari, domin tana share alamar cuta ta bar cutar.

Tarihin intanet kansa yana gargaɗi a kan haka. A shekarar 1989 Kirk Lougheed na Cisco da Yakov Rekhter na IBM suka zana ƙa'idar BGP a kan takardun goge hannu a wurin cin abinci, da niyyar ta riƙe al'amura kafin a samo tsari mai ɗorewa. Ita ce ke ɗauke da intanet har yau. Dokar nan ta katse hulɗa saboda lalatacciyar sanarwa, wadda ta hura wutar rikicin 2009, ta sake haddasa wani a ranar 27 ga Agusta, 2010, lokacin da wani gwajin cibiyar RIPE NCC da Jami'ar Duke ya taɓo aibi a IOS XR. Sai a shekarar 2015 aka fitar da sabuwar ƙa'ida, RFC 7606, wadda ta ce a jefar da lalatacciyar sanarwar kawai a bar hulɗa. Abin da aka kira na wucin gadi a wannan fage yakan yi tsawon rai fiye da wanda ya kira shi.

Hujjar masu jinkiri

Injiniyan da ya ƙi sabunta manhaja ba lallai ne malalaci ba. Yana da hujjoji, kuma masu nauyi ne. Sabon zubi yana gyara tsofaffin aibobi, yana kuma zuwa da nasa waɗanda ba a sani ba tukuna, aibin da aka sani kuwa an san yadda ake zama da shi. Sabuntawa tana bukatar a kashe na'ura, kuma idan rauta ɗaya ce ke ɗauke da jami'a gaba ɗaya, babu ta biyu da za ta karɓe ta, to kowace sabuntawa caca ce. Idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar ɗora manhaja, na'urar na iya ƙin tashi. Wasu kamfanonin suna ɗaure samun sabon zubi da kwangilar kulawa da ake biya da dala. Na'urori da yawa kuma an saye su ne na hannu, ko sun wuce shekarun da kamfani ke kula da su, babu wani gyara da zai sake fitowa dominsu. Sannan idan sabuntawa ta lalata aiki, injiniya ake tuhuma. Idan ya bar na'ura aka shige ta a asirce, babu wanda ya gani.

Waɗannan hujjoji suna bayyana dalilin jinkiri, amma ba su wanke mantuwa ba. Jinkirin da aka yanke shawararsa, aka rubuta dalilinsa da ranar sake dubawa, aiki ne na ƙwararru. Abin da ya fi yawa a zahiri shi ne dabarar da wani ma'aikaci ya saka shekaru biyar da suka wuce, bai rubuta ko'ina ba, ya bar aiki, wanda ya gaje shi ya tarar da layin umarni bai san amfaninsa ba, ko dai ya ji tsoron taɓawa ko ya goge shi ya buɗe tsohon rami. Misalin MikroTik ya kuma nuna cewa kuɗi ba shi ne dukkan bayani ba, tunda gyaran kyauta ne aka bar shi. Hujja ta ƙarshe, ta tsoron tuhuma, ita ce ta fi gaskiya, kuma tana nuna cewa gyaran yana hannun shugabanni fiye da injiniyoyi. Ma'aikatar da ke hukunta katsewar awa guda da aka tsara, ta kuma yi shiru a kan ɓarakar shekara biyar, ita ce ta zaɓi ɓarakar.

Kamfanoni ma ba su kuɓuta ba. Bayyana aibi ba ya zama lasisin sayar da na'ura a yi watsi da ita. Dokar Birtaniya da ta fara aiki a watan Afrilun 2024 ta hana sayar da na'urorin gida masu kalmar sirri ta bai-ɗaya, ta kuma tilasta a faɗa wa mai saye tsawon lokacin da za a ci gaba da ba shi gyara. Tarayyar Turai ta zartar da doka mai faɗi fiye da haka a shekarar 2024. Kasuwannin da ba su da irin wannan sharaɗi su ne za su zama juji na na'urorin da aka daina kula da su.

Rabon masana harshe

Akwai gefen wannan batu da ya faɗo a gonar masu nazarin Hausa. Kalmar da Ingilishi ke kiran aibin manhaja da ita ma'anarta ƙwaro, kuma akan kawo labarin ƙwaron da aka tsinta a cikin wata kwamfuta a Jami'ar Harvard a 1947, ko da yake injiniyoyi sun riga wannan shekara amfani da kalmar. Masanin kwamfuta Edsger Dijkstra ya soki kalmar a 1988, yana ganin tana nuna kamar matsalar daga waje ta rarrafo ta shiga, alhali kuskure ne da mutum ya rubuta da hannunsa. Hausa ba ta da dalilin gadon wannan ruɗani. Aibi ya fi ƙwaro gaskiya, domin aibi a jikin abu yake, kuma yana da mai shi.

Tarko na biyu ya fi wannan. Kalmar faci an aro ta ne daga kalmar Ingilishi da masu manhaja ke nufin ainihin gyaran da kamfani ya fitar. A kunnen Bahaushe kuwa faci aikin bakin titi ne, abin da ake yi wa taya domin a ƙarasa gida. Mai fassarar da ya ce a yi wa rauta faci ya juyar da saƙon, ya mayar da magani na dindindin ya zama na wucin gadi, ya kuma haɗe abubuwa biyun da duk wannan batu ya rataya a kan rarrabe su. Hausa tana da isassun kalmomi: aibi ga kuskuren da ke cikin manhaja, tangarɗa ga alamar da ake gani, ɓaraka ga aibin da ke buɗe wa baƙo ƙofa, kewaye ga dabarar wucin gadi, gyara ga abin da ya kawar da aibin. Sanarwar tsaro da hukumomi irin su ngCERT da NCC ke fitarwa da Ingilishi take zuwa. Masu girka rauta a kasuwanni da shaguna da yawa da Hausa suke koyon aiki, da ita suke koyar da yaransu. Idan harshen aikin bai rarrabe kewaye da gyara ba, aikin ma ba zai rarrabe ba.

Kammalawa

Abin da ake bukata daga jami'a ko wata ma'aikata bai fi ƙarfinta ba. Ta san adadin rautocinta da zubin manhajar da ke kan kowace. Ta ɗora wa mutum guda, da sunansa, alhakin karanta sanarwar kamfanonin da ta saya daga gare su. Kowace dabarar kewaye a shigar da ita rajista: wane aibi take tarewa, wa ya saka ta, yaushe za a cire ta. A ware lokacin sabuntawa a kalandar shekara kamar yadda ake ware lokacin jarrabawa, a sanar da jama'a, kada a tuhumi injiniya saboda katsewar da aka amince da ita. Bayan kowace ɓaraka a sauya kalmomin sirri. A lokacin saye kuma a tambayi ranar da kamfani zai daina kula da na'urar, a saka kuɗin maye gurbinta a kasafi tun kafin ranar ta zo.

Mujallu da kundayen digiri da hotunan rubuce-rubucen ajami da ake ɗorawa a intanet duk ta cikin waɗannan akwatuna suke bi kafin su isa ga mai karatu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, in ji Hausawa. A wannan fage ma an sauƙaƙa masa, domin magini da kansa ya rubuto masa jerin wuraren da ke yoyo, da lamba da kwanan wata. Abin da ya rage shi ne a karanta jerin, a ajiye kwano inda ya wajaba, a kuma rubuta ranar da za a hau rufi.